Rajista ko Bakin Uwa: Muhawara kan Auna Aikin Masu Kula da Lafiyar Yara Gida-gida a Sakkwato

A jihar Sakkwato, inda kimanin haihuwa tara cikin goma ke faruwa a ɗakin uwa kamar yadda binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna, kuma inda, a cewar wannan binciken, kusan yaro ɗaya cikin biyar ba ya cika shekara biyar a duniya, yawancin abin da hukuma ke iya yi wa ƙaramin yaro yana isa gare shi ne ta hannun wata 'yar unguwa da aka ba horon 'yan kwanaki, aka rataya mata jaka, aka ce ta bi gida-gida. Ita ce ke ɗiga maganin shan inna, ita ce ke jiƙa maganin zazzaɓin damina, ita ce kuma ke lallashin maigida ya bari a kai jariri awo. Babu wani saɓani na kirki kan amfaninta. Saɓanin yana kan yadda za a san ta yi aikin, da yadda za a san aikin ya hana yaro mutuwa, da kuma wanda ya cancanci a yarda da ƙidayarsa idan alƙaluma suka ƙi jituwa.

Shirye-shiryen da suka dogara da irin waɗannan mata sun yi ta zuwa jihar ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunan da yake kiransu da takardun da yake ba su. Shirin TSHIP, wanda hukumar raya ƙasashe ta Amurka ta ɗauki nauyinsa a Sakkwato da Bauchi daga 2009 zuwa 2015, ya sa an zaɓi 'yan sa-kai goma a kowace ɗaya daga mazaɓu 244 na jihar, wato mutum 2,440, kuma da taimakonsu aka soma kai man kuloheksidin gidaje a 2013, wato man da ake shafa wa cibiyar jariri don hana ta ruɓa, a maimakon gashi da tsumma mai zafi. Asusun UNICEF ya kafa nasa rukunin mata masu faɗakarwa kan shan inna tun daga 2012. A 2015 ƙungiyar Malaria Consortium ta fara rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina a Sakkwato da Zamfara. Sai kuma a Fabrairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin CHIPS a Lafiya ta jihar Nasarawa, da nufin haɗe waɗannan rukunoni duka a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Ba abin mamaki ba ne a tarar da mace ɗaya a unguwar Mabera ko Runjin Sambo ta birnin Sakkwato ta yi wa biyu ko uku daga cikinsu aiki, domin matan da ke da karatu, mazajensu kuma suka amince su fita, ba su da yawa a kowace mazaɓa.

Masana suna rarrabe abu biyu da ake yawan gwamawa. Sa ido shi ne bin diddigin aiki yayin da ake yin sa, wato gidaje nawa aka shiga, yara nawa suka sha, magani nawa ya rage a jaka, kuma amfaninsa shi ne gyara kuskure kafin wata ya ƙare. Tantance tasiri kuwa tambaya ce da ake yi bayan an daɗe ana tafiya: shin yaran da shirin ya isa gare su sun fi waɗanda bai isa ba lafiya, kuma shin shirin ne ya kawo bambancin ko wani abu dabam? Na farko ya dogara ne da rajistar da ma'aikaciya ke cikewa da hannunta, wadda ke hawa daga asibitin mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma, a shigar da ita manhajar DHIS2, rumbun alƙaluman lafiya da aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo ta Norway kuma Najeriya ta ɗauka. Na biyu ya dogara da baƙi da ke zuwa su zaɓi gidaje ta hanyar ƙuri'a su tambayi iyaye mata da kansu.

Masu ra'ayin a tsananta bincike daga waje suna da hujja ɗaya da ke da wuyar turewa, kuma lamba ce guda. Binciken gida-gida da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017 ya gano cewa kashi 33 cikin ɗari ne kawai na yaran Najeriya masu shekara ɗaya zuwa biyu suka karɓi zagaye na uku na allurar fenta, wadda ke kare yaro daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta, kuma wadda ake ɗauka a matsayin ma'aunin ƙarfin rigakafin yau da kullum. A Sakkwato adadin ya tsaya ne a kashi 3, mafi ƙanƙanta a ƙasar baki ɗaya. A daidai wannan lokaci rahotannin da ke hawa daga asibitoci suna nuna cewa mafi yawan yaran ƙasar sun samu allurar, wasu ƙananan hukumomi ma suna haura kashi 100, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Wannan sakamako ya zo ne kimanin shekara guda bayan gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rattaba hannu kan yarjejeniyar ƙarfafa rigakafi da gidauniyar Dangote da ta Bill da Melinda Gates a farkon 2016, kuma shi ne ya sa hukumar kula da lafiya matakin farko ta ƙasa, a ƙarƙashin Dokta Faisal Shuaib, ta ayyana halin ko-ta-kwana kan rigakafi a tsakiyar 2017. Masu wannan ra'ayi na cewa da an ci gaba da dogaro da rajista, da har yau ana raba lambar yabo a otal alhali ƙyanda na ɗibar yara a ƙauyuka.

Dalilin kumburar alƙaluman rajista ba ƙarya ce kaɗai ba, ko da yake akwai ta. Kowane kaso yana da lamba biyu, yaran da aka yi wa aiki da yaran da ya kamata a yi wa, kuma ta biyun a Najeriya ƙiyasi ce da ake ɗorawa kan ƙidayar 2006, wadda ta ba jihar Sakkwato mutum miliyan 3.7, ana ƙara wani kaso kowace shekara, sannan a ɗauka cewa kashi 4 cikin ɗari na jama'a jarirai ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Birnin Sakkwato, da ya faɗaɗa ya shiga ƙasar Wamakko da Dange Shuni da Kware, ya kuma karɓi dubban waɗanda tashin hankali ya koro daga gabashin jihar, ba zai yiwu lissafin da aka yi kusan shekara ashirin da suka wuce ya faɗi yawan jariransa ba. Ta ɓangaren lamba ta farko kuwa, ana iya ƙirga yaro ɗaya sau biyu, ana iya ƙirga wanda ya wuce shekarun da aka ƙayyade, kuma ma'aikaciyar da ta san za a tsayar da ita gaban jama'a a taron wata idan ba ta cika adadin da aka yanka mata ba, ta san inda biro zai taimake ta.

Hanyoyin gyara da masu ra'ayin bincike daga waje suka kawo an gwada su ne a yaƙi da shan inna. Ana shafa wa yaron da ya sha magani tawada marar fita a farcen ƙaramin yatsansa na hagu, ana rubuta alama da alli a bangon zaure mai nuna ranar zuwa da yawan yaran da aka samu, daga baya kuma aka riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka, don a ga a taswira ko sun shiga rugar da suka ce sun shiga. Mafi muhimmanci ita ce dabarar da ake kira LQAS, wadda asalinta daga masana'antun Amurka ne na shekarun 1920, inda ake ɗibar 'yan kaya kaɗan daga kowane tari a duba, a karɓi tarin ko a ƙi shi. A fannin lafiya akan zaɓi gida 19 a yanki ta hanyar ƙuri'a, kuma idan burin shi ne kashi 80, to sai an samu aƙalla 13 da aikin ya isa gare su kafin a ce yankin ya tsallake. Dabarar ba ta faɗin ainihin kason kowane yanki, iyakarta ta nuna wanda ya faɗi, amma idan aka haɗa ƙananan hukumomi 23 na jihar za a samu gida 437, adadin da ya isa a yi ƙiyasin jiha. TSHIP ya yi amfani da ita a Sakkwato, masu yaƙi da shan inna suna duba yara 60 a kowace ƙaramar hukuma bayan zagaye, kuma a ganin masu wannan ra'ayi irin wannan ido ne ya kai nahiyar Afirka ga takardar shaidar rabuwa da ƙwayar shan inna ta daji a ranar 25 ga Agustan 2020.

Ɗaya ɓangaren, wanda ya ƙunshi yawancin jami'an asibitocin mazaɓa da waɗanda suka daɗe suna horar da matan, ba ya musun kashi 3. Abin da yake cewa shi ne a dubi abin da ake nema daga mace ɗaya a yini ɗaya. A rabon maganin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 don yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, masu rabo kan fita bibbiyu wata-wata, galibi daga Yuli zuwa Oktoba. Sukan yi sallama a zaure, su shiga su gai da uwargida, Inna ko Hajiya gwargwadon shekarunta, su tambayi yaran gidan da shekarunsu, su tabbatar babu mai zazzaɓi a lokacin, domin mai zazzaɓi asibiti ake tura shi a gwada jininsa. Sai su zaɓi katin ƙwaya na 'yan ƙasa da shekara ko na manyansu, su jiƙa ƙwaya biyu na ranar farko da ɗan ruwa, su ba yaro a gaban idonsu, kuma ƙa'ida ta ce idan ya yi amai cikin rabin awa a sake ba shi. Bayan haka ne za su bar wa uwa ƙwayar kwana na biyu da na uku, su cika katin yaro, su ja layi a takardar ƙirga, su rubuta takardar turawa idan akwai, su yi alama a bango. A gidan gandu mai yara goma sha biyu, da ruwan sama a kai da taɓo a lungu, wani abu dole ya ragu, kuma abin da kan ragu shi ne wanda ba a ƙirgawa, wato zaman bayani da uwa da jiran ganin ko yaro zai yi amai. Takarda kuwa ba ta raguwa, domin da ita ake biyan alawus.

Daga nan suke ɗaga hujjarsu mafi ƙarfi, cewa duk ma'aunin da aka ɗaura wa kuɗi ko horo yakan daina faɗin gaskiya. Tawadar yatsa kanta, wadda aka ƙirƙira don kama masu ƙarya, an sha samun rahoton cewa a wurare da dama na Arewa masu rigakafi da iyayen da ba sa son maganin sukan daidaita, a shafa wa yaro tawada ba tare da ya sha komai ba, kowa ya huta: uwa ta tsira daga zuwan mai unguwa, ma'aikaciya ta cika adadinta, mai bincike ya zo ya ga yatsa ya rubuta cewa an yi. Wayar da ke nuna taswira tana tabbatar da cewa wayar ta je, ba ta tabbatar da abin da ya shiga bakin yaro. Kuma ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 kan ma'aikatan lafiya na al'umma sun ba wannan ɓangare goyon baya, domin sun nemi a biya su daidai da nauyin aikinsu, a ba su kulawa mai ƙarfafa gwiwa, sun kuma ba da shawarar kada a gina biyansu kacokan ko mafi yawansa kan adadin da suka kawo.

Suna ƙarawa da cewa binciken gida-gida ma ba wahayi ba ne. Inda katin rigakafi ya ɓace ko ba a taɓa bayar da shi ba, mai tambaya ya dogara ne da tunanin uwa, wadda ake so ta bambance allurar cinya ta wata biyu da ta wata uku a jikin yaron da yanzu yake gudu a tsakar gida. Inda mai tambayar namiji ne, a zaure zai tsaya, maigida ne zai amsa abin da bai gani ba. Adadin mace-macen yara da babban binciken ƙasa ke bayarwa na kowace jiha kuwa na shekaru goma ne kafin binciken, saboda haka ba zai iya yanke hukunci kan shirin da ya yi shekara uku ba. Sannan, ko da kashi 3 gaskiya ce tsantsa, ba a kan 'yar sa-kai ya kamata a sauke ta ba, tunda ba ita ke yin allura ba: tana iya shawo kan maigida, ta rako uwa har asibiti, a tarar firij ya mutu ko ma'aikacin bai fito ba. Binciken da ya auna ƙarshen sarƙa bai faɗi wace mahaɗa ce ta tsinke ba.

A nan masu ra'ayi na farko suna da martanin da ya fi na abokan muhawararsu nauyi. Akwai tambayoyin da rajista, komai gaskiyar mai cika ta, ba za ta taɓa amsawa ba. Rahoton da aka buga a 2015 kan man cibiya a Sakkwato ya ƙirga jarirai 36,404 da man ya isa gare su, nasara ce ta rabo babu shakka, amma sanin jarirai nawa ya ceta yana buƙatar a kwatanta da inda ba a raba ba. Tarihin Afirka ta Yamma ya nuna haɗarin tsallake wannan mataki. Shirin UNICEF na hanzarta ceton yara, wanda aka gudanar a ƙasashe 11 na yankin daga 2001 zuwa 2005, an yi ta yaba masa, har sai da wani bincike mai zaman kansa da aka buga a mujallar Lancet a 2010 ya duba Benin da Ghana da Mali, ya tarar mace-macen yara sun ragu a yankunan shirin amma a Benin da Mali raguwar ba ta fi ta sauran yankunan ba, kuma ƙarancin magani a hannun ma'aikatan al'umma na cikin dalilan. Irin wannan bincike ne kuma, a ɗaya hannun, ya tabbatar da nasarar Nijar, maƙwabciyar da ke bayan Illela, inda mace-macen 'yan ƙasa da shekara biyar suka sauka daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009, lokacin da aka yawaita ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye aka kuma mayar da jinyar yara kyauta. Maganin damina ma bincike ne na ƙasashe biyar, har da Najeriya, ya nuna yana ba da kariya ta kimanin kashi 88 cikin kwana 28 na farko. Sai dai wannan kariya ta dogara da ƙwayar kwana na biyu da na uku, waɗanda uwa ke bayarwa bayan mai rabo ta tafi, kuma babu layin takardar ƙirga da ya san ko an ba su. Sai an koma an tambaya, shi ya sa aka ƙara wasu mata da ake kira iyaye jagorori masu zagayawa suna tunatarwa.

Akwai kuma abin da ɓangarorin biyu suka fi yin sakaci da shi, wato ingancin aikin hannu. Ma'aikaciyar da aka koya wa gane ciwon huhu dole ta ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya cur, ta san cewa 50 ko fiye a ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye a ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, alama ce ta haɗari. Wadda ke neman masu tamowa dole ta ɗaura tsirin awo a tsakiyar damtse, ba ta matse ba, ba ta sassauta ba, ta san cewa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, na nufin yaro na bakin mutuwa. Rajista za ta rubuta an duba, uwa ma za ta shaida an duba, amma ko an duba daidai sai wanda ya tsaya kusa da ita ya gani ya sake aunawa. Wannan aikin jami'in asibitin mazaɓa ne, irin waɗanda makarantar fasahar lafiya ta Gwadabawa ke yayewa, kuma shi ne aikin da ya fi saurin mutuwa idan kuɗin man babur ya yanke.

Idan aka auna hujjojin, ɓangare na farko ya yi gaskiya kan wanda ya kamata ya yanke hukunci, na biyu kuma ya yi gaskiya kan abin da hukuncin ke yi wa rajista. Kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne ɗora wa takarda ɗaya aiki uku: ta zama littafin tunin ma'aikaciya, ta zama takardar biyanta, ta kuma zama shaidar nasarar da za a nuna wa mai ba da tallafi. Wanda aka ce ya auna hatsin da za a biya shi da shi, ba a mamakin mudunsa ya yi tozo. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar rajista ta zama gajera, mai sunayen yara maimakon layukan ƙirga, amfaninta ta nuna wa ma'aikaciya da mai kula da ita wane yaro ne bai dawo ba; a biya ta kan fitowa da ingancin aikin da aka gani da ido; hukunci kan shiri kuwa a ɗauko shi daga bakin iyaye mata ta hannun mata masu tambaya waɗanda ba sa cin abinci a shirin, kuma sakamakon ya hau kan ƙaramar hukuma da ma'ajin magani kafin ya sauka kan 'yar sa-kai. Matsalar lamba ta biyu, wato ƙiyasin yawan yaran da ya kamata a yi wa aiki, ita ma tana da magani na gida. Tun da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya matakin farko a 2009, masarauta ta shiga aikin, kuma a jihohin da suka yi yarjejeniyar rigakafi an gwada sa masu unguwanni su riƙa rubuta sunayen jarirai, da taimakon ungozoma da wanzamai, a riƙa gwada jerin da rajistar asibiti. A garin da ba a haihuwa a ɓoye, inda kowane suna sai an raba goro an kira liman da wanzami ranar bakwai, wannan jeri ya fi ƙiyasin 2006 kusa da gaskiya, muddin ba a mayar da shi ma abin gasa tsakanin hakimai ba.

Abubuwa biyu ne ke iya hana wannan tsari tsayuwa. Na ɗaya shi ne tsaro: a sassan Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, da Tangaza da Gudu ta arewa maso yamma, akwai ƙauyukan da mai bincike ba ya iya shiga, akan cire su daga ƙuri'a a maye gurbinsu da waɗanda ake iya zuwa, sakamakon kuwa ya fito da kyau fiye da gaskiya, domin yaran da suka fi kowa rasa kulawa su ne ba a tambayi iyayensu ba. A can rahoton 'yar garin da ta rage shi kaɗai ne ake da shi, da duk rauninsa. Na biyu shi ne kuɗi. Kusan duk binciken da aka ambata a sama da kuɗin waje aka yi shi, kuma a farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta, har da na shirin binciken lafiya da yawan jama'a da Najeriya ta dogara da shi tun 1990. Babban bincike irin wannan ya fi ƙarfin jiha ɗaya, amma zagayen gida 437 sau biyu a shekara bai fi ƙarfin hukumar lafiya matakin farko ta jihar Sakkwato ba, musamman da yake Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta suna da sashen lafiyar al'umma da ɗaliban da za su iya yin tambayar, idan aka ware kuɗin a kasafin jiha aka kuma amince a buga sakamakon kowace ƙaramar hukuma da sunanta.